Kurakuran da ke kashe shirin horar da ma'aikata tsakanin gwamnati da kamfanoni, da yadda ake gyara su

Duk yankin da wata babbar masana'anta ta rufe, ko aka ji ƙishin-ƙishin wata za ta buɗe, ba a daɗewa sai a kira taro. Jami'an gwamnati su zo, shugabannin kwalejojin fasaha su zo, a gayyato masu kamfanoni, kowa ya maimaita magana ɗaya: ga matasa birjik babu aiki, ga kamfanoni suna kukan rashin ƙwararru. Sai a yanke shawarar haɗa hannu. Gwamnati ta kawo kuɗi da makarantu, kamfanoni su kawo guraben aiki, a rubuta tsari na shekara huɗu ko biyar. Tunanin ba shi da aibu. Amma da yawa daga irin waɗannan tsare-tsare bayan 'yan shekaru sai ka tarar an raba takardun shaida dubbai, kamfanoni kuma suna nan da kukansu. A ganina yawancin kurakuran tushensu ɗaya ne: an fara lissafi daga ɗakin karatu, ba daga wanda zai biya albashi ba.

Fara daga abin da makaranta ta iya koyarwa

Wannan shi ne babba, kuma ba mugunta ke kawo shi ba. Kwaleji tana da malamin walda, tana da injunan da aka sayo shekaru da suka wuce, tana da manhajar da hukuma ta riga ta amince da ita. Da kuɗin shiri ya sauka, abin da ya fi sauƙi shi ne a buɗe ajin walda. Can a masana'antar da ke bayan gari kuwa, wanda ake nema shi ne mai iya karanta zanen injiniya, ya auna ƙarfe daidai, ya sarrafa injin yanka da kwamfuta ke tuƙawa. Ɗalibi ya fito da satifiket ɗinsa, a miƙa masa zane ranar gwaji, ya juya takardar sama da ƙasa. Ba laifinsa ba ne.

Masu tsari za su ce ai sun tambayi kamfanoni. To, wace tambaya aka yi, kuma wa aka yi wa? Idan ka aika takardar tambayoyi ka ce "Kuna bukatar ƙwararrun ma'aikata?", ko wanda bai ɗauki mutum ɗaya ba a shekara uku zai ce e, tunda amsar ba ta cin masa ko sisi. Gyaran shi ne a bar ofis a shiga cikin masana'antar, a nemi shugaban sashen da ke tsaye kan masu aiki, ba daraktan da ke zuwa taro ba. A tambaye shi abubuwan da suka riga suka faru. Mutum nawa kuka ɗauka a wata shida da suka wuce? A wane aiki? Nawa kuke biyansu? Nawa ne suka tafi, kuma me ya kore su? Wanda kuka ƙi ɗauka a ƙarshe, me ya kasa yi? Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ce manhajar, ko aƙalla ƙashin bayanta.

Akwai shaida a kan haka. A 2010 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan shirye-shirye uku da aka gina kan bukatar wani fanni takamaimai, a Milwaukee da Boston da New York. Masu binciken sun raba masu neman shiga gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka sami horon, wasu ba su samu ba. Cikin shekara biyu, kuɗin da waɗanda aka horar suka samu ya zarce na sauran da kusan kashi 18 cikin ɗari, kuma yawancin ratar a shekara ta biyu ta bayyana. Abin da ya haɗa shirye-shiryen uku shi ne kowannensu ya san masu ɗaukar aikin fanninsa ciki da bai kafin ya buɗe aji.

Mai da kamfani baƙon taro

Dokar horar da ma'aikata ta Amurka ta 2014, wadda ake kira WIOA, ta wajabta cewa mafi rinjayen mambobin kowace hukumar yanki mai kula da horar da ma'aikata su fito daga ɓangaren 'yan kasuwa, shugaban ma daga cikinsu. Manufa ce mai kyau, amma kujera daban, ɗaukar nauyi daban. Kamfani yana iya turo jami'in hulɗa da jama'a sau huɗu a shekara, ya sa hannu a rajista, a ɗauki hoto, a rubuta a rahoto cewa "masu zaman kansu sun ba da cikakken haɗin kai". Yarjejeniyar fahimtar juna da ba ta ce kowa zai yi wani abu takamaimai a wata rana takamaimai ba, jeka-na-yi-ka ce kawai.

Dalilin da ya sa ake yawan kafa misali da Jamus ke nan. A can ɗan koyo kwantiragi yake ƙullawa da kamfani, ba da makaranta ba. Kamfanin ne ke biyansa alawus duk wata, yana yin kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a, har tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi. Dokar da ta tsara haka tun 1969 take. Ƙa'idojin kowace sana'a, cikin sana'o'i sama da 300 da aka amince da su, ƙungiyoyin masu kamfanoni da na ƙwadago da gwamnati ne ke zama su rubuta tare, jarrabawar ƙarshe kuma cibiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu ne ke shiryawa. Mai kamfanin da ke fitar da kuɗinsa duk wata ba sai an roƙe shi ya duba manhaja ba.

Ƙasashe da dama sun yi ƙoƙarin kwafo wannan tsari ɗungurungum, kuma da kyar yake kamawa, domin cibiyoyin da ke riƙe da shi ba a gina su da takardar doka ɗaya. Abin da za a iya ɗauka shi ne sharaɗin: duk kamfanin da zai zauna a teburin ya ajiye wani abu da zai ji zafinsa in shirin ya lalace. Ba lallai kuɗi ba. Yana iya zama alkawarin ganawa da duk wanda ya kammala, ko gurbin koyon aiki goma da za a biya, ko aron injin da ake aiki da shi yanzu, ko sakin wani gwani daga bakin aiki rana ɗaya a mako ya je ya koyar. A rubuta shi da adadi da kwanan wata. Wanda ya ƙi ko ɗaya daga ciki a gode masa, a ci gaba da aika masa rahoto, amma kada a ba shi bakin magana kan manhaja.

Sai dai a yi wa masu kamfanoni adalci, ɗari-ɗarin da suke yi yana da dalili. Tun a shekarun 1960 masanin tattalin arziki Gary Becker ya bayyana shi: ƙwarewar da ke amfani a ko'ina, wanda ya biya kuɗin koyar da ita ba shi da tabbacin shi zai ci moriyarta. Ka horar da mai gyaran wutar lantarki shekara biyu, maƙwabcinka ya ƙara masa ɗan abu a albashi ya ɗauke shi. Ƙananan kamfanoni sun fi kowa jin wannan tsoro, kuma su ne ba su da wanda zai bar aiki ya halarci taro. Maganin shi ne a haɗa su rukuni-rukuni bisa fanni, a raba kuɗin horon a tsakaninsu, ɗan koyo ya zagaya wurare biyu ko uku. In kowa ya zuba, ɗaukewar ba ta zama sata ba.

Jingina tsarin yanki kacokan kan alkawarin kamfani ɗaya

A 2017 kamfanin Foxconn mai haɗa kayan lantarki ya sanar zai zuba dala biliyan 10 ya gina masana'anta a jihar Wiskonsin ta Amurka, da guraben aiki har 13,000. Jihar ta yi alkawarin tallafi na kusan dala biliyan 3, aka sayi filaye, aka shimfiɗa hanyoyi, kwalejojin yankin suka shiga shirya kwasa-kwasai. A 2021 aka sake rubuta yarjejeniyar, guraben suka koma 1,454.

Ba cewa ake kada a shirya wa babban mai zuba jari ba. Amma a koyar da abin da zai yi amfani ko ya zo ko bai zo ba, a bar masa abin da ya keɓanta da injunansa ya koyar da kansa, da kuɗinsa. Kuma a riƙa buɗe azuzuwa daidai da yadda ginin ke tashi da yadda ake tallata guraben aiki na haƙiƙa, ba daidai da jawabin ranar aza harsashi ba.

Bin iyakar taswira

Ma'aikaci bai san inda ikon wata ƙaramar hukuma ya ƙare na wata ya fara ba. Abin da ya sani shi ne minti nawa zai yi a hanya da nawa zai kashe. Duk da haka ana yawan zana "yanki" bisa iyakar mulki, sai gundumomi biyu maƙwabta su buɗe kwas iri ɗaya suna takarar asibiti ɗaya. Ofishin ƙididdiga na Birtaniya yana da hanya mai sauƙin fahimta: yana zana yankunan aiki ta yadda aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ma'aikatan da ke zaune a wuri a cikinsa suke aiki, haka nan kashi 75 na masu aiki a wurin a cikinsa suke kwana. Bayan ƙidayar 2011 yankuna 228 aka samu. Ko babu irin wannan ƙididdiga, a karɓi unguwannin da ma'aikatan manyan kamfanoni biyar suke fitowa, ba tare da sunaye ba, a ɗora su kan taswira. Daga nan a duba jadawalin motocin haya. Idan aiki na farawa ƙarfe shida na safe, motar farko kuma ba ta isa wurin sai bakwai, to babu horon da zai cike wannan gurbi.

Ƙirga kawuna

A nan ne kuɗi ya fi zurarewa. Duk abin da ka ce a kansa za ka biya, shi za a kawo maka. Ka biya kan yawan waɗanda suka yi rajista, za ka sami rajista. Ostireliya ta ɗanɗana wannan. Ƙarƙashin shirin bashin karatun sana'a da ake kira VET FEE-HELP, gwamnati na biyan makarantu masu zaman kansu da zarar ɗalibi ya shiga, bashin kuma ya hau kansa. Sai dillalai suka bazama unguwannin talakawa suna raba kwamfutar tafi-da-gidanka "kyauta" ga duk wanda ya sa hannu, har da waɗanda ba su san bashi suka ci ba. Kuɗin da ake fitarwa ya tashi daga kusan dalar Ostireliya miliyan 325 a 2012 zuwa kusan biliyan 2.9 a 2015, masu kammalawa kuwa 'yan ƙalilan. A ƙarshen 2016 aka rufe shirin.

Sai wani ya ce to a biya kan samun aiki. Ya fi, amma shi ma yana da nasa ramin. Idan makaranta ta san sai ɗalibi ya sami aiki za a biya ta, za ta zaɓi wanda ko ba ita zai samu, ta kauce wa wanda ya daɗe a zaune, da mai naƙasa, da wanda karatunsa ya yi rauni. An yi ta wannan ƙorafi a kan tsohuwar dokar horo ta Amurka ta 1982. Akwai kuma dabarar "aikin mako biyu": a tura mutum wani wuri, a karɓo takardar ɗauka, a karɓi kuɗi, bayan wata ɗaya yana gida.

Gyaran yana da sassa uku, kuma sai an haɗa su. Na farko a raba biyan: kaso a farko don makaranta ta iya gudanar da aji, kaso a kammalawa, kaso mai tsoka bayan mutum ya yi wata shida yana aiki. Dokar 2014 ta Amurka tana duba ko mutum yana aiki a zango na biyu da na huɗu na shekara (kowane zango wata uku ne) bayan ya fita, da kuma matsakaicin abin da yake samu, kuma daga bayanan albashi ake ɗauko wannan, ba daga bakin makarantar ba. Na biyu a sa farashi mafi tsoka kan wanda ya fi wuyar samar wa aiki. Na uku kada mai karɓar kuɗin ya zama shi ne mai tabbatar da sakamakon. Ko wayar tarho ce, wani daban ya ɗauka ya kira mutum hamsin da aka zaɓo ba tare da sanin makarantar ba.

Akwai wani kuskuren da ke ɓoye a bayan wannan, wato gaggawar yanke hukunci. A 1990 kamfanin Levi Strauss ya rufe masana'antarsa a San Antonio ta jihar Teksas, mutum fiye da 1,000 suka rasa aiki. Ƙungiyoyin al'umma suka matsa wa hukumomin birnin da masu kamfanoni, a 1992 aka kafa Project QUEST. Shirin ba ya koyarwa da kansa. Yana tura mutane kwalejojin da ke akwai, galibi fannin lafiya, ya biya kuɗin makaranta da littattafai, ya taimaka da kuɗin mota, ya tara su duk mako da mai ba da shawara. Da aka bi sawun mutum 410 da aka raba ta hanyar ƙuri'a, a shekaru biyun farko waɗanda ke cikin shirin sun fi sauran ƙarancin samu, tunda suna aji. A shekara ta tara kuwa suna gaba da fiye da dala 5,000 a shekara. Da a ce a ƙarshen shekara ta biyu aka zauna yanke hukunci, da an rufe shi an ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kwas ɗin mako shida yana fitar da alƙaluma masu daɗin karantawa kafin zaɓe, amma da wuya ya sauya abin da mutum zai riƙa samu.

Zaton harajin horo zai yi aikin da kansa

Ƙasashe da yawa suna cire wani kaso daga jimillar albashin kamfanoni don horo. Burazil ta fara tun 1942 da hukumar SENAI, wadda masu masana'antu da kansu ke gudanarwa. Afirka ta Kudu tana karɓar kashi 1 cikin ɗari. Birtaniya ta shigo da nata a 2017: rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan duk kamfanin da albashinsa ya haura fam miliyan 3 a shekara. A shekarar farko, adadin masu fara koyon sana'a a Ingila ya sauko daga kusan 495,000 zuwa kusan 376,000. Manyan kamfanoni kuma, da suka ga kuɗin da aka cire musu, wanda aka ba su damar kashewa kan horo, zai ƙwace musu in ba su kashe shi cikin wata 24 ba, da yawa suka juya shi kan kwasa-kwasan shugabanci ga ma'aikatan da suke da su tuntuni. Ba su karya doka ba, lissafi suka yi. Duk mai tsara shirin yanki ya yi wa kowane tallafi tambaya ɗaya: da babu kuɗin nan, da kamfanin zai yi wannan horon? In amsar e ce, a kai kuɗin wani wuri, ko a keɓe wani kaso ga sababbin shiga da matasa.

Kiran kowace matsala "ƙarancin ƙwarewa"

Gidan kula da tsofaffi ya ce ba ya samun ma'aikata. A horar da ɗari, a tura, bayan shekara saura ashirin. A sake horar da ɗari. Wannan zuba ruwa a kwando ne. Idan gurbi ya daɗe a buɗe amma albashinsa bai motsa ba, a yi shakkar cewa ƙwarewa ce ta yi ƙaranci, domin abin da ya yi wuya da gaske farashinsa tashi yake. Sau da yawa matsalar albashi ce, ko jadawalin da ake sauyawa ba sanarwa, ko shugaban sashe mai wulaƙanta mutane. Masu kamfani ba za su faɗi wannan a taro ba, wataƙila ma ba su sani ba. Shi ya sa kujerar ma'aikata a teburin ba ado ba ce. Dokar Amurka ta 2014 ta ware musu aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kujerun hukumar yanki. Inda babu ƙungiyar ƙwadago, a nemo waɗanda suka bar aikin a saurare su. Kuma kafin kuɗin jama'a ya shiga, a sa ƙa'idar mafi ƙarancin albashin da gurbi zai biya, a kuma nemi kamfani ya bayyana yawan masu barinsa a shekara.

Haka nan a ɓangaren masu koyo. Matar da ta daina zuwa aji a mako na biyar ba lallai darasin ne ya gagare ta ba. Mai riƙe mata yaro ce ta yi tafiya, ko kuɗin mota ya ƙare kafin ƙarshen wata. Ɗan ƙaramin asusun gaggawa da jami'i zai iya buɗewa cikin kwana ɗaya, ba tare da takarda ta zagaya ofis biyar ba, yakan ceci kuɗin horon gaba ɗaya. Abin haushi, shi ne layin da ake fara gogewa idan aka zo rage kasafi.

Tsarin da ba shi da mai shi

Kwamiti ba ya kiran waya. Bayan an ƙaddamar da kundin tsari, kowa ya koma ofishinsa da aikin da ake biyansa dominsa, sai a wayi gari ba wanda ya san ko gurabe goman da wancan kamfani ya yi alkawari sun samu. Dole a sami mutum ɗaya, ko ƙaramar ƙungiya, da wannan ne kaɗai aikinsu: bin kamfanoni, bin makarantu, riƙe alƙaluma, da faɗa wa kowa inda ya gaza. Ya fi kyau ya zama wanda ya taɓa aiki a fannin, wanda shugaban sashe zai ɗauki wayarsa. Albashinsa kuma kada ya rataya kan tallafi guda mai ƙarewa a shekara uku. Tun a shekarar farko a raba shi tsakanin gwamnati da kamfanonin da ke amfana, kason kamfanoni yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, a kuma sa ranar da za a zauna duk shekara a rufe kwas ɗin da waɗanda suka gama shi ba sa samun aiki, ko da malaminsa da injunansa suna nan.